Sharhin Bayan Labarai: Faɗuwa a Darasi Ɗaya da Neman Gurbin Likitanci

 

Duk shekara, da zarar hukumomin WAEC da NECO sun saki sakamakon jarrabawar kammala sakandare, akwai tambayar da ke yawo gida-gida a unguwar Gwammaja ta Kano da maƙwabtanta, daga Ƙofar Ruwa zuwa Ƙofar Mazugal har Kurna. Yaron da ya faɗi darasi ɗaya, ya sake zama ya ci, zai iya samun gurbin karatun likitanci, ko kuwa faɗuwar nan za ta yi ta bin sa? Amsoshin da ake bai wa iyaye iri biyu ne, kuma kowacce da irin ɓarnarta. Wasu su ce shi ke nan, yaro ya haƙura, likitanci ba na wanda ya taɓa faɗuwa ba ne. Wasu kuma su ce ai ba wani abu, ya sake darasin da ya faɗi kawai, a haɗa takardu biyu a miƙa. Amsar farko tana kashe wa yaro gwiwa tun bai fara ba. Ta biyun tana cinye masa shekara guda da kuɗin mahaifinsa. Abin da za mu yi bayani a yau shi ne, faɗuwar kanta ba ta rufe ƙofa. Yadda aka gyara ta shi ke buɗe ƙofar ko ya rufe ta.

Ba abin mamaki ba ne yaran wannan yanki su taso da son aikin likita. Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe tun 1959, yana nan kusa da su, kullum suna ganin masu fararen riguna suna shiga da fita, suna ganin yadda ake kawo mutum ranga-ranga daga hatsarin mota ya koma gida da ƙafarsa. A cikin Gwammaja ne kuma Gidan Mumbayya yake, gidan Malam Aminu Kano, malamin makaranta wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya ta tarayya a zamanin Janar Gowon, wanda kuma har ya rasu a 1983 bai daina kira ga talaka ya sa ɗansa da 'yarsa a makaranta ba. Tun zamanin Dakta Barau Dikko, likitan farko daga Arewa, yankinmu bai taɓa samun likitocin da suka ishe shi ba. Wanda ya taɓa kwana a layin ganin likita a Asibitin Murtala ba ya buƙatar a karanta masa alƙaluma. Saboda haka duk yaron da ya ce zai yi likitanci, buƙatarmu ce ya ɗauko, kuma haƙƙinsa ne a faɗa masa gaskiyar hanya.

Mu fara da takardar kanta. Ku ɗauka ga uba da ɗansa a wani ɗan shagon intanet na bakin titi, janareta na ƙara, an sayi katin duba sakamako, mai shago ya buga lamba, takarda ta fito da ɗuminta. Darussa tara ne a jere, amma biyar kawai ido ke nema: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Daga A1 zuwa C6 shi ne kiredit. D7 da E8 an tsallake amma ba su kai kiredit ba, F9 kuwa faɗuwa ce tsagwaronta. Yaron ya samu B3 a Bayoloji, C4 a Kemistiri, B2 a Lissafi, C5 a Turanci. Sai ga D7 a gaban Fiziks. Yaro ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, Fiziks ce ta riƙe ni." Uban ya ce, "To ai guda ɗaya ce, sai ka sake ita kaɗai." Mai shago ya sa baki, "Alhaji, ko a jira NECO ta fito, in ya ci a can sai a haɗa." A wannan ɗan tsayuwar ta minti biyar ake yanke shawarar da ke ɓatar da yara da yawa.

Dalili kuwa shi ne sharaɗin da ake kira zama ɗaya. A yawancin kwasa-kwasan jami'a, ana yarda ɗalibi ya haɗa sakamako biyu, ya ɗauko kiredit huɗu daga WAEC, ɗaya daga NECO, ko daga jarrabawar bana da ta bara. Wannan shi ne zama biyu. Amma da yawa daga cikin jami'o'in da ke koyar da likitanci ba sa karɓar haka. Suna so darussan nan biyar su fito da kiredit a takarda guda, ta jarrabawa guda. WAEC da NECO na shekara ɗaya ma zama biyu ne, ko da kuwa yaron a aji ɗaya ya zauna ya rubuta su, sati kaɗan tsakani. Akwai jami'o'in da ke sassautawa, kuma sharuɗɗan kan sauya daga shekara zuwa shekara. Shi ya sa maganar maƙwabci ko ta mai shago ba hujja ba ce. Hujja tana cikin kundin sharuɗɗan da hukumar JAMB ke wallafawa a shafinta na intanet, da sanarwar jami'ar da yaro ya zaɓa, ta shekarar da yake nema.

Me ya sa aka tsaurara haka? Saboda gurabe kaɗan ne, masu nema kuwa ba iyaka. Jami'a ba ta da ikon ɗaukar ɗaliban likitanci yadda ta ga dama. Majalisar kula da aikin likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa, MDCN, ita ke ƙayyade wa kowace makaranta adadinta, bisa yawan malamanta da ɗakunan gwaje-gwajenta da gadajen asibitin koyarwarta. Jami'ar Bayero tana da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988. Jami'ar Ahmadu Bello tana da nata a Shika, ta Usmanu Ɗanfodiyo tana da nata a Sakkwato. Kowacce da adadin da aka yanka mata. A 2024, ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da cewa an ninka guraben likitanci na ƙasa baki ɗaya daga 5,000 zuwa 10,000. Ci gaba ne. Amma ku auna shi da cewa a 2025 ɗalibai kusan miliyan biyu ne suka zauna jarrabawar JAMB, kuma likitanci na cikin kwasa-kwasan da aka fi rububi a kansu kowace shekara.

A jami'o'in tarayya, ana raba gurabe ne gida uku: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta zalla, kashi 35 ga 'yan jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya wajen ilimin boko. Wasu iyaye na jin wannan sai su saki jiki, su ce ai mu 'yan gida ne. Su tuna cewa 'yan gidan ma dubbai ne. Yaron Gwammaja yana takara da na makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da na makarantun kuɗi na Nasarawa. Jami'in da ke tantancewa, idan ya tarar da takardu sun ninka gurabensa sau da yawa, abu na farko da zai yi shi ne tankaɗe, kuma zama biyu na cikin abin da ke saurin faɗowa. Wasu jami'o'in ma suna ba kowane kiredit maki su haɗa da makin JAMB, ta yadda mai A1 yana gaban mai C6 ko da dukansu sun cika sharaɗi.

To mece ce mafita ga yaron da Fiziks ta riƙe? Ya sake zama, amma ya sake duka biyar ɗin, ya ci su tare. Hanyoyin a buɗe suke. WAEC tana shirya jarrabawar masu zaman kansu, wadda aka fi sani da GCE, sau biyu a shekara, NECO ma tana da tata a ƙarshen shekara. Duk wadda ya zauna ya kawo kiredit biyar a cikinta, zama ɗaya ce cikakkiya. A nan ne tsarinmu yake da wani rangwame da mutane ba su lura da shi ba: ɗalibi shi ke zaɓar takardar da zai ɗora a shafin JAMB. Idan sabuwar ta cika sharaɗi, ita za a duba. Ba a ɗauko tsohuwar D7 a rage masa maki da ita.

Ba ko'ina ake samun haka ba. A Amurka, sai mutum ya gama digirin farko kafin ya shiga makarantar likitanci, kuma cibiyar da ke tattara takardun masu nema tana lissafa duk wani zama da ɗalibi ya yi wa kwas. Idan ya faɗi Kemistiri a shekarar farko, ya sake ya samu maki mafi girma, duka biyun za a haɗa a fitar masa da matsakaici. Faɗuwar tana nan a rubuce, sai dai ya yi bayaninta a gaban masu tantancewa, ya nuna cewa daga baya ya miƙe. Ɗanmu na nan, a matakin sakandare, an ba shi damar buɗe sabon shafi fari tas. Abin takaici ne a ce rashin sani ya sa ya yi wasa da wannan dama.

Sai dai sabon shafin yana da tsada, kuma bai kamata mu ɓoye ba. Sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne tak. Yaron da ya samu maki 290 bana, amma takardarsa ta sakandare ba ta cika ba, makin nan ya tafi, baɗi sai ya sake sayen fom ya sake zama, kuma babu tabbacin zai maimaita abin da ya samu. Tun da aka fara amfani da tsarin bayar da gurbi na CAPS a 2017, wanda bai ɗora sakamakonsa na sakandare a shafin JAMB ba, ba a ma sa shi cikin lissafi. Ga kuɗin rajistar GCE, ga kuɗin lesin, ga kuɗin adaidaita sahu zuwa wurin lesin, ga littattafai. A Kano, gwamnati kan biya wa ɗaliban makarantunta kuɗin NECO idan sun ci jarrabawar kwalifayin, amma wannan na zaman farko ne. Zama na biyu daga aljihun uba yake fitowa. Ga mai sayar da kayan gyaran mota a Ƙofar Ruwa, ko tela, ko malamin firamare mai 'ya'ya takwas, wannan ba ƙaramin nauyi ba ne. Ɗan mai hali yakan yi rajistar WAEC da NECO da GCE a shekara guda, ya zaɓi wadda ta fi kyau. Ɗan talaka harbi ɗaya gare shi. Sharaɗin zama ɗaya yana da hujjarsa, amma nauyinsa a kan talaka ya fi sauka.

Kuma kafin a sake biyan ko sisi, a tsaya a tambaya: me ya kayar da yaron? Sau da yawa za ka tarar ba wasa ya yi ba. Akwai ɗalibin da ranar jarrabawar firaktikal ce ranar farko da ya riƙe kwalbar awon sinadari da hannunsa. An miƙa masa ita, an ce ya ɗiga ruwa har launi ya sauya, hannunsa na rawa, ya zarce, launi ya wuce inda ake so, lissafin da zai biyo baya duk ya rushe. Wannan yaro ya haddace littafi, amma makarantarsa ba ta da ɗakin gwaji mai aiki, ko kuwa malamin Fiziks ɗaya ne ga ɗaruruwan ɗalibai. Jihar Kano ta taɓa gane wannan matsala, shi ya sa a 1977 ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, kuma likitoci da injiniyoyi masu yawa da muke taƙama da su yau daga can suka fito. Abin da ya yi aiki a lokacin shi ne malami ƙwararre da kayan aiki. Har gobe shi ne magani. Yaron da zai sake zama ba tare da an nemo masa malamin da zai toshe inda ya yoyo ba, sakamakon bara zai sake kwasowa.

Wani lokacin ma laifin na masu shirya jarrabawar ne. A 2025 mun ga yadda takardar Turanci ta WAEC ta makara a wurare da dama, har yara suka rubuta da dare da hasken tocila. Da sakamako ya fito, aka ce kashi 38 cikin ɗari ne suka samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Bayan 'yan kwanaki hukumar ta amsa cewa an yi kuskure wajen maki, ta gyara, adadin ya koma kusan kashi 63. A shekarar ce kuma shugaban JAMB, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito bainar jama'a ya ba da haƙuri kan tangarɗar na'ura da ta shafi ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka sake musu jarrabawa. Darasin da ke nan ga iyaye shi ne, kada takarda ta fito yau, a yanke wa yaro hukuncin daƙiƙanci a daren.

Yanzu ga babban rami. Idan yaro ya faɗi sau ɗaya, ba a rasa mai zuwa ya raɗa wa uba cewa akwai wata makaranta a bayan gari, a biya kaza, sakamako zai fito da A da B ba tare da wahala ba. Waɗannan wuraren satar amsa sun zama kasuwa. Haramun ne a addini, laifi ne a dokar ƙasa, kuma hukumomin jarrabawa kan riƙe ko su soke sakamakon cibiya sukutum idan sun gano. Amma mu ɗauka an tsira, takarda ta fito, gurbi ya samu. A karatun likitanci, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Shekarar farko, ɗalibin likitanci yana zaune ne da sauran ɗaliban kimiyya yana maimaita Fiziks da Kemistiri da Bayoloji a mataki mafi zurfi. A sauran sassa, wanda ya faɗi kwas yakan wuce aji na gaba da kariyoba, ya biya daga baya. A likitanci, yawancin jami'o'i ba su san wannan ba. Sai ka ci duka za ka haura, kuma makin ci 50 ne, ba 40 ba. Wanda ya gaza, sau da yawa sai a mayar da shi wani sashe. Wanda ya haura, gabansa akwai babbar jarrabawar ilimin sassan jiki da aikin gaɓoɓi da sinadaran jiki, wadda ɗalibai ke kwana a aji saboda ita. Wanda ya faɗi ɗaya a ciki akan ba shi damar sake zama bayan 'yan watanni. Idan ya sake faɗuwa, ya maimaita shekara. Idan abin ya ci tura, a sallame shi daga sashen. Haka za a yi ta yi har shekara shida, sannan shekarar sanin makamar aiki a asibiti, sannan bautar ƙasa. Likitoci da yawa da ke duba mu yau sun taɓa sake zama a wata jarrabawa a cikin shekarun nan, suka ci, suka fito, kuma lasisinsu bai bambanta da na kowa ba. Abin da ya cece su shi ne tushe mai ƙwari. Wanda ya shigo da Fiziks ɗin saye, a zangon farko asirinsa ke tonuwa, ya rasa gurbin, ya kuma hana wanda ya cancanta.

Akwai kuma ƙofa ta biyu, wato shiga kai tsaye zuwa aji biyu. Ana bi ta IJMB, shirin share fage da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, wanda ake yi a wurare kamar makarantar share fage ta Funtuwa da kwalejin da Kanawa suka fi sani da CAS. Ana kuma bi da digiri a fannin da ya danganci lafiya. Hanya ce ta gaskiya, wasu sun bi sun dace. Amma iyaye su san abu biyu. Na ɗaya, IJMB ba ta goge sharaɗin kiredit biyar na sakandare. Na biyu, guraben wannan ƙofa sun fi na farko ƙaranci, kuma a nan ne faɗuwar baya take bin mutum. Takardar makin jami'a ba ta mantuwa. Kwas ɗin da ka faɗi a aji ɗaya yana nan a rubuce, ya shiga lissafin matsakaicin makinka, ko da ka sake ka ci. Tunda wurare da yawa suna neman digiri mai daraja ta biyu babba ko sama, kariyoba biyu ko uku sun isa su sauko da mutum ƙasa da layi. Saboda haka maganar da ake yawan faɗa wa yara, "Karɓi Bayoloji ko Kemistiri ka shiga, daga baya ka canza," a riƙa faɗin ta da sauran bayaninta. Canjin sashe zuwa likitanci abu ne mai wuyar gaske, ba kowace shekara ake samu ba, kuma da wuya a duba wanda ya taɓa faɗuwa wani kwas.

Masu hali kuma sukan ce a fitar da yaro waje, Sudan ko Masar ko Indiya, inda sharuɗɗan shiga wasu makarantu suka fi sauƙi. Gwamnatin Kano ma ta tura ɗalibai irin waɗannan ƙasashe a baya, kuma da yawansu suna aiki a asibitocinmu. Amma duk wanda ya karanta likitanci a waje, sai ya zauna jarrabawar tantancewa ta MDCN kafin a ba shi lasisin taɓa majiyyaci a Najeriya, kuma ba kowa ke tsallake ta a zaman farko ba. Yaƙin Yukiren a 2022 da na Sudan a 2023 sun kuma nuna mana yadda karatun shekaru ke iya tsayawa cikin dare ɗaya. Kafin a sayar da fili a biya kuɗin makaranta, a tabbatar majalisar ta san da makarantar.

Ba za mu rufe ba sai mun yi maganar 'ya'ya mata. Idan namiji ya faɗi darasi ɗaya, akan ce ya sake. Idan mace ce, a gidaje da yawa sai a ce to Allah bai yi ba, ga manemi nan. Aure alheri ne, kuma akwai likitoci mata da yawa da suka yi karatunsu a ɗakin mazajensu. Abin da ba daidai ba shi ne a mayar da D7 guda ɗaya hujjar rufe littafin yarinyar da ta fito daga makaranta irin ta 'yan mata ta Dala da kiredit huɗu masu kyau. Mu ne dai muke ƙorafi idan aka kai matanmu ɗakin haihuwa ba a samu likita mace ba. Likita macen nan daga irin waɗannan gidajen za ta fito. Idan za a yi auren, a sa maganar karatun a cikin sharaɗi tun wurin neman aure, manya su shaida.

Sannan a san lokacin tsayawa. Akwai samarin da suka shekara huɗu, biyar suna sayen fom ɗin JAMB, sun kafe sai likitanci, ƙannensu sun shiga jami'a sun fito suna nan. Wannan ba juriya ba ce, asarar ƙuruciya ce. Shawararmu ita ce, gida ya zauna tun farko a yanke: za a gwada sau kaza, idan ba a dace ba a karɓi wani fannin. Asibiti ba likita kaɗai ke riƙe da shi ba. Wanda aka yi wa aikin ƙashi a Dala ya san cewa likita ya yi nasa cikin 'yan sa'o'i, amma mai ɗaukar hoton ƙashi, da mai gwajin jini, da mai haɗa magani, da nas ɗin da ta kwana a kansa, da mai gashin ƙashi da ya koya masa taka ƙafa, su suka raka shi har ya warke. Duk waɗannan karatu ne na jami'a ko kwaleji, masu daraja da abin yi.

A ƙarshe, ga kiranmu. Shugabannin makarantun sakandare, ku zaunar da ɗaliban ajin kimiyya tun suna aji huɗu ku yi musu bayanin zama ɗaya da zama biyu, kada su fara jin sa a bakin mai shagon intanet. Jami'o'inmu, ku fitar da sharuɗɗanku a fili tun kafin a fara sayar da fom, har da Hausa a gidajen rediyo, don uban da bai yi boko ba ya ji da kunnensa. Gwamnati, a gyara ɗakunan gwaje-gwaje, a ɗauki malaman Fiziks da Kemistiri, a kuma duba yiwuwar tallafa wa yaron da ya ci huɗu ya rasa ɗaya, ya samu zama na biyu. Masu hannu da shuni da ƙungiyoyin ci gaban unguwa na Gwammaja da Dala, kuɗin rajistar yaro ɗaya da lesin ɗinsa na wata shida bai kai abin da ake kashewa a walimar yini guda ba, kuma sadaka ce mai gudana.

Ku kuma iyaye, ranar da takarda ta fito da tabo, a riƙe harshe. A bincika sharaɗin jami'ar da ake so daga tushe. A nemo malamin da zai gyara inda aka samu rauni. A yi wa yaro rajistar darussan duka, ba guda ɗaya ba. A guji masu sayar da sakamako komai daɗin bakinsu. Ku kuma 'yan makaranta, ɗana, 'yata, faɗuwa sau ɗaya ba ta hana kowa zama likita ba, amma zama na biyu ba ya karɓar shirin da aka yi wa na farko. A ƙara ƙoƙari, a haɗa da addu'a.

Allah Ya ba yaranmu ilimi mai amfani, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.